Wa Ke Magana A Wannan Shafi? Tsokaci Kan Sassan Jarida Da Sunayensu A Hausa

Akwai wata magana da ta daɗe tana kashe gardama a majalisun hirarmu, tun daga zaurukan birnin Zariya har zuwa rumfunan kasuwar Maƙarfi, wato mutum ya ce, "Ai a jarida na gani." Da zarar an faɗi haka sai abokin gardama ya yi shiru, domin tun zamanin iyayenmu ana ɗauka cewa duk abin da ya shiga maɗaba'a ya fito, to an tace shi. Sai dai, mai karatu, akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: a wane shafi ka gani, kuma wane ne ke magana a wurin? A cikin bugu guda na jarida akwai muryar wakili, da ta edita, da ta marubuci na waje irina, da ta mai karatu, da kuma ta wanda ya biya kuɗi aka ba shi fili. Sunayen da aka laƙaba wa sassan jarida su ne ke sanar da mutum ko muryar wa yake ji. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, har yanzu ba mu gama daidaita waɗannan sunaye a Hausa ba, kuma a kan mai karatu asarar take ƙarewa.

Mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan ba baƙin jarida ba ne, domin a ƙofar gidansu aka haifi aikin jarida na Hausa. A watan Janairun 1939 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa. Kafin wannan lokaci Yarbawa sun riga mu da shekara 80, domin an fara buga Iwe Irohin a Abeokuta tun 1859. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, a 1948 ya ƙara da jaridar Ingilishi mai suna Nigerian Citizen, wadda New Nigerian ta gaje ta a Kaduna a farkon 1966. A shekarun 1950 kuwa, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga Jakadiya da kuma ƙananan jaridu na larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta lardin Zariya. Ke nan dattijon da ya koyi boko a ajin dare a Hunƙuyi ko Ikara, da jarida ya goge karatunsa.

Waɗanda suka fara wannan aiki sun tarar da sana'a sabuwa wadda ba ta da suna a harshensu, sai suka ɗebo kalmomi daga rijiyoyi uku. Daga Larabci suka samo jarida, da mujalla, da maƙala, da sharhi, da wakili, da maɗaba'a. Ita kanta kalmar labari daga Larabci take, ko da yake ta daɗe da zama 'yar gida. Daga Ingilishi suka aro edita da rahoto, suka gyara musu zama a bakin Bahaushe. Daga Hausa kuma suka ɗauko talla, da bugu, da fili, da sakin layi, da kanu. Wannan ta ƙarshe tana da ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Kanu jam'i ne na kalmar kai, ɗan'uwan kawuna, amma gidajen rediyo da jaridu sun keɓe shi ga labarai, har ta kai yau za ka ji ana cewa "kanun labarin" alhali kan labari guda ake nufi. Haka harshe yake yi, idan sana'a ta buƙaci kalma sai ya ware mata.

Rarrabe muryoyi a kan takarda kuwa ba Turawa ne suka koya mana shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san bambancin matani da sharhi da hashiya. Matani shi ne maganar mai littafi, sharhi bayanin wanda ya zo bayansa, hashiya kuma ƙarin bayani a gefen takarda. Marubutan da sukan canza launin tawada ko girman rubutu domin kada almajiri ya jingina wa mai littafi maganar da ba tasa ba. Haka ma mai shela a garuruwanmu, kafin ya faɗi saƙo sai ya fara sanar da jama'a cewa Sarki ya gaishe su, domin a san ba da bakinsa yake magana ba. A kasuwar rake ta Maƙarfi ma, mai saye yakan fara tantance ko da mai kaya yake ciniki ko da dillali. Wannan tarbiyya ce ya kamata mu shiga shafin jarida da ita.

Bari mu leƙa cikin gidan jaridar mu ga yadda aka raba aiki. A sama akwai mai jarida, ko mutum guda ko kamfani ko gwamnati, wanda ya zuba jari kuma yake shata manufa. Daga shi sai gidan ya rabu gida biyu. Ɓangare na farko shi ne ɗakin labarai, a ƙarƙashin babban edita da edita. Edita ne ke da maganar ƙarshe kan abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuma shi ne ke amsa tambaya idan an yi ƙarar jarida. A ƙarƙashinsa akwai editan labarai, wanda ke tura wakilai da karɓar abin da suka aiko, da editocin sassa kamar siyasa da kasuwanci da noma da wasanni. Sai masu tace labarai, waɗanda mai karatu ba ya ganin sunansu, alhali su ne ke gyara harshe, su rage tsawo, su binciki sunaye da alƙaluma, kuma galibi su ne ke rubuta kanu. Saboda haka wakilin da ke Zariya yana iya aiko da labari mai tsabta, wani a hedikwata ya ɗora masa kan da ya fi ƙarfin gangar jikinsa. Bayan su akwai masu ɗaukar hoto, da masu tsara shafi, da masu duba kurakurai.

Ɓangare na biyu shi ne na kasuwanci: sashen talla, da sashen rarrabawa da sayarwa, da maɗaba'a, da masu lissafin kuɗi. Ƙa'idar aikin ita ce a gina katanga tsakanin waɗannan ɓangarori biyu, ta yadda wanda ya ba da talla ba zai sayi bakin ɗakin labarai ba. Ƙarfin wannan katanga shi ne ma'aunin mutuncin kowace jarida.

Idan muka dawo kan takardar kanta, shafin farko yana ɗauke da tambarin jarida, da takenta, da kwanan wata, da lambar bugu, da farashi, sannan babban labari, wato wanda taron editoci ya ga ya fi kowane nauyi. Kowane labari yana da kai, a ƙarƙashinsa kuma akwai layin da ke cewa "Daga wane, Kaduna," wanda ke nuna wanda ya rubuta da inda ya rubuto. Wannan ɗan layi shi ne sa hannun ɗan jarida, kuma labarin da ba shi da shi ya cancanci a yi masa kallo na biyu. Sakin layin farko aikinsa ya amsa tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, yaya, kuma don me. Ana jera bayanai daga mafi muhimmanci zuwa mafi ƙaranci, domin idan fili ya gaza mai tacewa ya datse daga ƙasa ba tare da ya taɓa zuciyar labarin ba. A ciki kuma akwai shafin ra'ayin jarida, da filayen marubuta na dindindin, da maƙalun marubuta na waje, da wasiƙun masu karatu, da zanen barkwanci, da tallace-tallace da sanarwa.

Domin a ga amfanin wannan rabe-rabe, mu ɗauki abin da manomanmu ba za su manta ba. A 2016 wani ƙwaro da masana ke kira Tuta absoluta ya auka wa gonakin tumatir a Arewa, har a watan Mayun shekarar gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin tumatir kuma ya yi tashin gwauron zabo. Ga manomin Ikara, ƙasar da aka san ta da tumatir, wannan magana ce ta abin da zai ci da iyalinsa. To, wannan al'amari guda yana iya fitowa a jarida ta fuska shida. Labari zai ce ga abin da ya faru, ga wanda ya faɗa, ga ranar. Rahoto na musamman zai bi gonaki ya ji ta bakin manoma da dillalai da malaman gona. Sharhi zai bayyana dalilin yaɗuwar ƙwaron da abin da zai biyo baya a kasuwa. Ra'ayin jarida zai ce ga abin da ya kamata hukuma ta yi. Wasiƙa za ta kawo kukan manomi guda. Talla kuma za ta ce ga maganin feshi da ba ya kuskure. Manomin da ya ɗauki ta shida a matsayin ta farko, ya sayar da akuyarsa ya sayi maganin, shi ne zai gaya maka ko sunayen sassan jarida suna da amfani ko ba su da shi.

A nan ne rauninmu yake, kuma zan kawo misali huɗu. Na farko, kalmar sharhi. Mun ɗora mata kaya uku: matsayar jarida, da fashin baƙin da ma'aikacin jarida ya yi bisa hujjoji, da ra'ayin kowane marubuci na waje. Waɗannan abubuwa uku nauyinsu ba ɗaya ba ne. Matsayar jarida kwamitin editoci ne ke tattauna ta, shi ya sa ba a sa mata sunan mutum, kuma gidan gaba ɗaya ne ke ɗaukar alhakinta. Abin da ni na rubuta a wannan shafi kuwa nawa ne, kuma jarida tana iya buga kishiyarsa gobe. Na biyu, kalmar mawallafi. Asalinta a Larabci wanda ya rubuta littafi take nufi, amma yau muna kiran mai jarida da ita, mu kuma kira marubuci da ita, sai mai karatu ya rasa ko wanda ya zuba kuɗi ake nufi ko wanda ya riƙe alƙalami. Na uku, kalmar rahoto, wadda muke yi wa amfani ga abin da wakili ya gani da idonsa, da kuma ga jita-jitar da ake fakewa da ita a ce "rahotanni sun ce." Na huɗu, filin marubuci na dindindin. Bahaushe ya riga ya ba shi suna mai kyau, wato fili, amma na sha ganin masu dogara da fassarar kwamfuta suna kiran sa ginshiƙi, kamar ana maganar ginin soro.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne inda talla take sa rigar labari. Kowa ya san shafukan taya murna da na jerin ayyukan shugabanni, waɗanda ake biya a buga. Babu laifi a cikin wannan, domin da kuɗin talla jarida ke sayen takarda da biyan albashi. Laifin yana zuwa ne idan aka tsara shafin da irin haruffan labari, aka ɗora masa kai irin na labari, aka kuma ɓoye cewa biya aka yi. Wani lokaci akan rubuta "sanarwa" ko "na musamman" a sama, kalmomin da ba su gaya wa kowa cewa kuɗi ya shiga ba. Kundin ɗa'ar aikin jarida na Nijeriya, wanda aka amince da shi a Ilorin a 1998, ya hana ɗan jarida neman lada ko karɓar na goro domin ya buga labari ko ya danne shi. Amma doka a takarda ba ta isa ba idan harshen da ake magana da mai karatu bai da kalma tsayayya da za ta ce masa, "Wannan fili an saye shi."

Da can tsarin shafi yakan rufa wa wannan rauni asiri. Wanda ya saba da jarida ya san inda ra'ayi yake zama da inda talla take zama, ko da ba a rubuta ba. Yau kuwa mafi yawan mutanenmu ba sa riƙe takardar. Jarida tana isa Kudan da Ikara ne ta wayar hannu, guntu-guntu, a WhatsApp da Facebook, an yanke ta daga shafinta. Kwanakin baya wani dattijo a Hunƙuyi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, duba ka gani, jarida da kanta ta ce babu kamar mutumin nan." Da na duba sai na ga hoton shafin taya murna ne da magoya bayan wani ɗan siyasa suka biya, an datse saman da ƙasan. Na ce, "Baba, wannan ai masoyansa ne suka sayi fili suka yabe shi." Sai ya ce, "To, me ya hana su rubuta haka?" Tambayar tasa ta fi amsata nauyi.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. Jaridar New York Times ta Amurka ta buɗe shafin marubuta na waje a 1970, ta kuma ba shi sunan da ke nufin shafin da ke fuskantar na ra'ayin jarida. A 2021 ta yi ritayar wannan suna, ta koma kiran irin waɗannan rubuce-rubuce maƙalun baƙi, bisa hujjar cewa a intanet babu wani shafi da ke fuskantar wani. Darasin a fili yake: idan shafi ya ɓace, dole suna ya ɗauki aikin da shafi yake yi. Idan jaridar da ta haura shekara 170 ta ga buƙatar sake duba sunayen sassanta, ina ga mu da ba mu taɓa zama mun daidaita namu ba?

Kanun labarai ma suna buƙatar kulawa ta musamman, domin su kaɗai mutane da yawa ke karantawa. Hausa tana da kayan aikin da ke nuna matsayin magana. Akwai tazara mai nisa tsakanin "ya sace," da "ana zargin ya sace," da "wai ya sace," da "ya sace, in ji wane." Na farko hukunci ne, na biyu ƙara ce, na uku ji-ta-ji-ta, na huɗu kuma jingina magana ga mai ita. Mai tace labarin da ya jefar da "ana zargin" domin kai ya shiga fili, ya yanke wa mutum hukuncin da alƙali bai yanke ba. Haka nan haruffa masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun Hausa tun wajen ƙarshen shekarun 1930. Idan aka yar da su, ƙasa ta zama kasa, baƙi su zama baki, ƙara ta zama kara, sunayen Maƙarfi da Hunƙuyi ma su canza a bakin wanda bai san garuruwan ba. A da ana kafa hujja da rashin haruffan a na'ura, amma yau kowace kwamfuta da wayar hannu tana iya fitar da su.

To, mene ne abin yi? Ba mu rasa tubalin gini ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa tun 1955. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. A wannan shekara ta 2006 ce kamfanin Media Trust ya fara buga Aminiya, ga kuma sauran jaridun Hausa na takarda da na intanet da suka biyo baya. Abin da ya rage shi ne editocin waɗannan kafafe su zauna da sassan Hausa da na koyon aikin jarida na jami'o'inmu, musamman na Zariya da Kano da Sakkwato, tare da 'yan'uwanmu na Nijar, su fitar da ɗan littafin ƙa'ida guda wanda kowa zai bi.

Ga tawa gudummawar ga wannan zama. A bar labari ga abin da ya faru wanda aka tabbatar. A bar rahoto ga abin da wakili ya je ya gano, a daina fakewa da shi. A kira matsayar gida ra'ayin jarida, a keɓe sharhi ga fashin baƙin ma'aikatan gida, a kira rubutun na waje ra'ayi tare da sunan mai shi. A ce mai jarida ga wanda ya mallake ta, a bar mawallafi ga mai littafi. Duk abin da aka biya kuwa, a rubuta masa "Talla: an biya kuɗin wannan fili" da manyan haruffa. A kuma ware wuri sananne na gyara, inda jarida za ta faɗi kuskurenta, da na martani, inda wanda aka taɓa zai kare kansa. Sannan a manna kowane suna a jikin rubutun, kusa da kai, ta yadda ko an ɗauki hotonsa an tura wa wani, sunan zai bi shi. Ba na cewa waɗannan kalmomi su ne mafita ta ƙarshe. Idan wani ya kawo waɗanda suka fi su, a ɗauka. Abin da ake bukata shi ne kalma guda ta riƙe ma'ana guda a kowace jarida.

Ga mai karatu kuma, musamman mu da Allah Ya ba ilimin zamani muke komawa gida ana tambayarmu, akwai namu aikin. Kafin ka tura wani guntu ga 'yan'uwa, duba ko yana da sunan marubuci, da kwanan wata, da sunan jarida, ka kuma tambayi kanka ko labari ne, ko ra'ayi, ko talla. Malaman Hausa a makarantun sakandare na Ikara da Maƙarfi da Kudan suna iya ɗaukar bugu guda na jarida su shiga aji da shi, su sa ɗalibai su ware sassansa da sunayensu. Darasi ne na sa'a guda wanda zai yi wa yaro amfani har tsufansa.

Waɗanda suka raɗa wa jaridar farko ta Hausa suna sun yi wa mai karatu alkawari a cikin sunan, cewa abin da zai samu ya fi kwabon da ya biya. Ta shafe sama da shekara 70 tana fita da wannan suna. Magadanta na yau, na takarda da na waya, sun gaji alkawarin ko sun so ko sun ƙi, kuma matakin farko na cika shi shi ne a gaya wa mai karatu, da Hausar da yake ji, ko wane ne ke magana da shi. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. To, a bar kowane rubutu ya fito da sunan mai bakin.